Jirgin da Ban Shiga Ba

Woodbridge, Virginia
Maris, 1988

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da sai in ce ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yau babu halin in faɗi haka. Kwana hamsin da uku ke nan da aka kai ka makwancinka a Zariya, kuma na san babu wanda zai zauna a gefen tabarmarka ya karanta maka ita. Ban ma san abin da zan rubuta a bayan ambulan ba. Duk da haka zan rubuta, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai, na kuma kasa gaya wa kowa.

Bari in fara da labarin gida, kamar yadda ka koya mana. Inna tana nan cikin takaba, da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan nata. Ƙanwata Binta ta tattaro 'ya'yanta ta dawo gidan don kada a bar ta ita kaɗai. Abokanka tsofaffin ma'aikatan reluwe suna nan suna zama a gindin durumin bakin tasha, kuma Binta ta ce har yanzu ba wanda ya yarda ya zauna a ƙarshen bencin inda kake zama. Jirgin Legas kuwa sai ranar da ya ga dama yake shigowa. Tsofaffin kawunan jirgin kwal da ke bayan loko, wurin gyaran jirage, ciyawa ta fara cinye su, awaki ke kwana a ƙarƙashinsu. Da kana nan da ka yi tsaki ka ce laifin irinmu ne masu shimfiɗa wa motoci kwalta. Agogon aljihunka yana wurin Inna, ta ce nawa ne in na zo. Ban zo ba tukuna. Sai bayan kwana biyu da binne ka waya ta same ni, ina wurin aiki a Annandale, ina duba zanen wata gada.

Nan ma lafiya. Matata Hadiza tana nan tana aikinta na jinya. Jikarka Ummi, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarka, ta shiga shekara tara. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana sai ta mayar maka da Turanci, kai ka ce tara ake cin mai yin Hausa. A makon jiya aka ba su aiki a makaranta su haddace nahiyoyin duniya guda bakwai. Ta zo tana ta rera su a kicin, Afirka, Turai, Asiya, Amurka biyu, Ostareliya, da wadda ke can ƙasan duniya da babu kowa sai ƙanƙara. Da ta gama sai ta tambaye ni ko mutum zai iya shiga jirgin ƙasan da ke wucewa ta bayan gidanmu ya kai shi Zariya. Na ɗauki lemo na zana mata da biro, na nuna mata inda muke, da inda kuke, da ruwan da ke tsakani. Na yi mata bayani a hankali, ban yi mata dariya ba. Ina cikin bayanin sai na tuna cewa tambayar taka ce, Baba, kuma kai dariya na yi maka.

Ka tuna? Ana gobe zan tafi, da la'asar, a ƙofar gida, abokanka uku suna zaune. Ka ɗauki kara ka ja layi a ƙasa daga Kano zuwa Legas, kana jero tashoshi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka tsallake ko guda ba. Da ka kai Legas sai ka tsayar da karan, ka tambaya daga nan kuma wace tasha ce. A wurinka duniya dogo ce da mahaɗa, duk inda mutum za shi akwai layin da zai kai shi kusa. Ai haka ka je Makka tun kafin a haife ni: jirgin ƙasa, sannan motar kaya, sannan wani jirgin ƙasan a Sudan har bakin Bahar Maliya, aka tsallaka da ku. Da na ce akwai teku, sai ka ce ai Kwara ma ruwa ce, kuma a Jebba kafin a yi gada a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a haye da su. Me zai hana a yi haka a can? Ni kuwa da digirina sabo fil a aljihu, na ƙyalƙyale da dariya a gaban mutane. Na ce wannan ruwan ba Kwara ba ne, tsakanin Legas da inda za ni ya kusa ninka tsakanin Legas da Makka, kuma akasarinsa ruwa ne zalla. Gaskiya na faɗa. Amma me zai rage ni da na faɗe ta ba tare da dariyar ba? Ka sa ƙafa ka share layin da ka ja.

Ni ne ɗan fari, saboda haka tsakanina da kai kullum akwai kunya. Ba ka kiran sunana, ba ka doguwar magana da ni, ni ma haka na tashi, gaisuwa da amsa umarni. Shi ya sa na yi mamaki da ka roƙe ni abu a ranar, kana kallon gefe kamar da wani kake magana. Ka ce wani Bature mai kula da loko ya taɓa gaya maka a Amurka akwai dogon da ya tashi daga wannan teku ya dire a wancan, ana kwana da kwanaki a cikin jirgi. Ka ce in na samu hali in shiga, in ɗauko maka ƙarar jirgin a kaset, in jero maka sunayen tashoshin bi da bi. Ba ka ce in aiko agogo ba, ba ka ce rediyo ba. Wannan kaɗai ka nema, na kuma ce in sha Allahu, da irin in sha Allahun da ake sallamar mutum da ita.

Shekara goma sha biyu na yi ina jan ƙafa. Ba rashin hali ba ne, kada in ƙara wata ƙaryar a kan ta da. Da farko karatu, daga baya aiki, sai aure, sai gida, sai cunkoson babbar hanyar 95 da ke cinye mini awa uku kullum. Amma hutu nawa na samu a cikin shekarun nan? Na kai iyali bakin teku, na je New York ya fi sau biyar. Gaskiyar ita ce na raina abin. Ina ganin sha'awar tsoho ce, za ta wuce. In ka aiko kaset, kai da Inna da yara kowa ya yi tasa gaisuwar, ina sauraren na Inna har ƙarshe, in aka zo naka kuma ka shiga labarin dogo, sai in tura kaset ɗin gaba.

Labaran da nake turawa gaba kuwa su ne yanzu nake nema ido rufe. Yadda aka zo ƙauyenku aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya don aikin diga, Kaka, mahaifinka, ya tafi yana saurayi, ya yi ta ɗaukar ƙasa a kwando a kansa daga wajen Baro ana turo layi arewa. Yadda ya ce ba su san abin da suke ginawa ba, sun zaci wata irin ganuwa ce a kwance, sai ranar da kan jirgi ya taho yana huci, rabin leburorin suka watse cikin daji, har da heluma, shugabansu da ke yi musu tsawa. Yadda jirgi ya fara shiga Kano, mutane suka hau ganuwa suna kallo. Da naka labarin, yadda ka fara da goge kan jirgi da tsumma a loko, ka zama mai zuba kwal, ka zama direba. Da ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos da ka fara tuƙawa, wanda ka ce in ya zo hawa fasinja kan sauka su taka da ƙafa su jira shi a sama, wasu har su sayi rogo su ci. Ina yaro na ɗauka ƙari kake yi don mu yi dariya. Har yau ban sani ba, kuma wa zan tambaya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai gaskiyar da zan iya aiko maka a sauƙaƙe, ban aiko ba. Shekara biyu da suka wuce na raka ajin su Ummi Baltimore, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga gidana, wani gidan ajiye tsofaffin jiragen ƙasa. Baba, da ka ga wurin da ba ka fito ba sai an kore ka. A can na ji cewa layin farko da aka yi daga garin mil goma sha uku ne kacal, kuma dawakai ne suka fara jan taragun a kan dogo kafin a amince wa tururi. Na ga kawunan jirgi na farko, ƙanana, tukunyarsu a tsaye, ba su fi motar ɗaukar itace ba. Na karanta cewa a ramukan kwal na Ingila abin ya samo asali, ana neman hanyar fitar da kwal zuwa bakin ruwa. Na ga hoton ranar da layin gabas da na yamma suka haɗu a tsakiyar ƙasar, manya sun cika hoton da huluna, su kuwa 'yan Sin da suka fasa duwatsun da hannu sai ka yi da gaske kafin ka ga ko ɗaya. Na tsaya a gaban hoton na tuna Kaka da kwandonsa. Na ce lallai in na koma gida zan zauna in gaya wa Baba wannan. Da na koma sai na tarar famfon kicin yana yoyo, shi ke nan maganar ta bi ruwa.

To, ga abin da na yi.

Bara da damina Binta ta rubuto cewa idonka ya tafi gaba ɗaya, ba ka ganin komai sai haske da duhu. Ta ce ka koma rayuwa da kunne, rikoda kullum tana gefenka. Ta ce duk wanda ya zo daga waje sai ka tambaya ko an ba shi wani kaset daga Amurka, na jirgi. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar jirgi. Na ji kunya, na kuma ji haushi, kuma maimakon in nemi hutun mako guda in sayi tikiti, sai na nemi hanya mai sauƙi.

Wata Asabar Hadiza tana wurin aiki, Ummi tana gidan ƙawarta, na ɗauki rikoda da taswirar hanyoyin mota irin wadda ake sayarwa a gidan mai. Na je inda wani ɗan titi ya tsallake dogo a bayan unguwarmu, na tsaya a gefe. Jirgi huɗu suka wuce kafin la'asar, na ɗauki ƙarar kowanne. Sannan na dawo gida na shiga ɗakin wanki, na zuba kaya a injin busarwa, na kunna shi don ya ba da gurnani kamar na cikin tarago, na zauna a kan bokiti da taswira a cinya na fara yi maka tafiya. Na ce ga mu mun bar Washington. Na ce mun shiga duwatsun gabas masu dazuzzuka, mun wuce Pittsburgh, mun isa Chicago a bakin wani tabki da ba a ganin ƙarshensa. Na ce ga mu a kan gadar Mississippi, kogin da ya raba ƙasar biyu, sai na saka maka ƙarar jirgi na biyu. Na ce mun shiga fili, masara da alkama yini guda babu tudu ko ɗaya, ga Omaha, ga Denver. Na ce mun fara hawan manyan duwatsun yamma masu ƙanƙara a ka, na saka na uku. Na ratsa da kai hamada, na sauko da kai California, na ce ga Tekun Pasifik ina kallo ta taga. Abin da nake kallo a lokacin kwandon safa ne da kwalin sabulu.

Ka san abin kunyar? Daɗi na ji. Bakina ya buɗe yadda bai taɓa buɗewa a gabanka ba. Na ƙirƙiro wani tsohon ma'aikacin jirgi baƙar fata da ya ba ni shayi, na ce ya gaishe ka da na gaya masa mahaifina direba ne. Na kwatanta maka hawan duwatsun da hawan Jos, filin da na Nguru. Na cika kaset gaba da baya, awa ɗaya da rabi. Da na gama har yaba wa kaina na yi, na ce injiniya ba wasa ba. Na ba wani ɗan Kaduna da zai tafi gida ya kai maka.

Bayan wata biyu Binta ta rubuto cewa kaset ya iso, kuma ka kusa cinye shi da saurare. Ta ce ka haddace tashoshin, kana jero wa abokanka a gindin durumi, Cikago, Umaha, Danba, kamar yadda kake jero Minna da Kaduna. Ta ce yanzu duk bakin tasha an san ɗanka ya ratsa Amurka daga teku zuwa teku. Na karanta wasiƙar a mota. Daga ranar na daina bin ɗan titin nan, nake zagayawa ta wata hanya.

A watan Nuwamba wani likita ɗan Zariya ya zo taro Washington, ya kira ni, na je na karɓi saƙo. Kilishi ne daga Inna, da kaset guda a ambulan daban. Binta ta rubuta a bayansa cewa wannan daga Baba ne shi kaɗai, ya ce kowa ya fita kafin ya ɗauka. Kai da ba ka taɓa yi mini magana kai kaɗai ba, me za ka ce da sai an fita? Na sa shi a aljihun mota na rufe. Kullum da safe in na shiga cunkoso ina sane da shi a wurin, tazarar hannu ɗaya, ga rikodar mota a gabana. Na ce sai ƙarshen mako. Na ce sai an gama aikin gadar nan. Na ce sai bayan sabuwar shekara. Mutum mai shekara arba'in, mai 'ya, yana tsoron ɗan akwatin roba. Mako bakwai ya yi a wurin, sannan waya ta zo.

Ko bayan rasuwarka ban iya sauraren kaset ɗin ba sai ranar Lahadin da ta wuce. Ba jarumta ce ta sa ni ba, muryarka nake so in ji, kuma na san a nan ne kawai ba a haɗa ta da ta kowa ba. Na fita da hantsi na ce wa Hadiza zan sayo madara. Na tsaya a filin ajiye motoci na kanti, ga ragowar dusar ƙanƙara ta yi baƙi a gefe, na saka.

Ka fara da sallama da addu'a, ka tambayi Hadiza da Uwarka, kamar yadda kake kiran Ummi. Ka yi tari. Sannan ka ce ka ji kaset, ka gode, Allah ya yi albarka. Daga nan ka ce shekara talatin da wani abu ka yi a kan ƙarfe, kuma akwai abin da kunne ba ya mantawa. Ka ce wanda ke cikin jirgi, ƙara tana tare da shi, ba ta zuwa ba ta tafiya. Wanda ke tsaye a ƙasa kuwa, ƙara kan taho masa daga nesa, ta cika kunne, jiniya ta sauke murya, sannan ta wuce ta bar shi. Ka ce duka jiragen nan huɗu sun wuce ni sun bar ni. Ka ce uku daga cikinsu ma na kaya ne, masu nauyi, ka ƙirga taragun ɗaya ka wuce tamanin. Ka ce wancan gurnanin da ke ƙarƙashin maganata kuwa ka rasa gane kansa, injin da ba ya canja numfashi a hawa ko a gangara, kuma akwai wani abu kamar maɓallin riga da ke ta bugawa a cikinsa. A nan ka yi dariya, Baba, 'yar dariyar nan taka ta hanci. Maɓallin wandona ne. Na kifa kaina a kan sitiyari.

Tun saurare na farko ka gane. Ka gane, ka kuma ɗauki sandarka aka ja ka zuwa gindin durumi, ka jero wa tsofaffin direbobi tashoshin da ɗanka ya karanto daga taswirar gidan mai. Ka ce ba ka kunna musu kaset ɗin ba ko sau ɗaya, domin su ma suna da kunne. Ka ce ko Inna ba ta sani ba, kuma ba za ta ji daga bakinka ba. Ni na yi maka dariya a gaban abokanka a kan abin da ba ka sani ba. Kai kuwa ka rufa mini asiri a gaban su ɗin dai a kan abin da ka sani sarai. Yaya zan yi da wannan, Baba? Ina zan ajiye shi?

Sannan ka ba ni saƙo biyu. Na farko, ka ce a inda na tsaya akwai gaɓar dogo da ta saki. Ka ce ka ji ta a gadar Mississippi, ka sake jin ta a kan duwatsu, ka sake jin ta a California, gaɓa ɗaya ce, duk ƙafar da ta taka ta sai ta yi ƙara biyu maimakon ɗaya. Ka ce in nemi heluman 'yan gyaran wurin in gaya masa, domin jirgi mai nauyi ne ke bi, kuma akwai 'ya'yan mutane a kusa.

Ran Litinin na makara zuwa aiki na koma wurin. Na tsaya a gefe na duba, ga ta nan kuwa, taku kaɗan daga inda na tsaya a bara. Noti ɗaya babu, ɗaya ya kwance, ƙarfen yana ɗan lotsawa. Ni da nake da takardar injiniya na yini a wurin da idona biyu ban gani ba, kai ka ji ta daga wata nahiya, a rikoda mai batir, ba ka ko gani. Na buga waya ofishinsu. Wanda ya ɗauka ya tambayi yadda na lura, na ce mahaifina ne ya lura, tsohon direba ne. Ya ce in miƙa maka godiya. Ran Laraba na ga motarsu a wurin. Wannan gaisuwar ta gaske ce, ba irin ta mai shayin da na ƙirƙiro ba, ga ta na isar.

Saƙo na biyu shi ne wanda ba ni da inda zan kai shi. Ka ce kada in damu da batun teku zuwa teku, kai ma da ka roƙa ba ka san nisan abin ba, kuma ka san aiki ba ya barin mutum. Ka ce abin da ya sa kake ta maimaita kaset ɗin ba jirgin ba ne. Ka ce tun da aka haife ni ba ka taɓa jin na yi magana mai tsawon haka ba, ba ka ma san haka muryata take ba in na saki jiki, ashe irin ta Kaka ce. Ka ce in na samu sarari in sake yi maka wani, ko daga bakin titin ne, ko daga ɗakin da injin nan mai maɓalli yake, in faɗi duk abin da na ga dama, gaskiya ko akasinta, kai dai ka ji. Ka ce kana jira, amma ba gaggawa.

Mako bakwai, Baba. Kana Zariya kana jira, kana tambayar duk wanda ya shigo, ni kuwa ina zaune a cunkoso da amsarka a kulle a aljihun mota, ina tsoron faɗan da ba ka yi ba. Awa ɗaya ta ishe ni. Da na gaya maka labarin dawakan Baltimore, da hoton da babu lebura a ciki, da yadda Ummi ke kiran Zariya. Da na ce ka yafe mini dariyar nan. Ko ka tafi kana zaton fushi na yi da ka gane? Ko ka zaci kunya ce ta hana ni, ka yi mini uzuri kamar yadda ka saba? Binta ta ce har ranar Alhamis ɗin ƙarshe ka sa an saya maka sabon batir.

Ban gaya wa Hadiza ba tukuna, amma zan gaya mata yau. In na je gida kuma abokanka suka tambaye ni labarin tafiya, ban san abin da zan ce ba. In na faɗi gaskiya na tone abin da ka rufe, in na yi shiru na ci gaba da cin yabon da ba nawa ba. Da kana nan da na tambaye ka, kuma wannan karon da na tsaya na ji amsar har ƙarshe.

Na yi ƙoƙarin ɗaukar maka kaset ɗin jiya. Na danna, na yi sallama, na ce Baba, sai na kasa ci gaba, ya yi ta juyawa babu komai. Shi ya sa na koma ga biro. Ga doguwar maganar da ka nema, ba ta kai ta kaset ɗin nan tsawo ba, amma babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Ta zo a makare.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Sai mun zo.

Ɗanka na fari,
Lawal